Igiyar da Kawu Ya Bari

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya cika ranar Talata da hantsi, tsakiyar bazara, kuma ruwan da aka yi masa wanka da shi ba na rijiyarmu ba ne. Mutumin da ya fi shekara talatin yana shiga rijiyar nan yana fita, sai da aka ɗaura wa jaki salka biyu aka tafi roƙon ruwa wurin Buzayen da suka sauka arewa da mu, kan hanyar Azagor, kafin a samu abin yi masa sutura. Tun ranar abin yake cin raina.

Mahaifiyata ce ta fara zuwa kansa. Ta tsaya bakin ɗaki da sandarta, ta daɗe tana kallonsa, ba hawaye ko ɗigo, sannan ta ce, "Ashe shi ma shina mutuwa." Matarsa kuwa ƙwaryar da yake shan fura da ita ta ɗauka ta yi ta wankewa da rairayi, ta goge ta sake wankewa, har aka karɓe daga hannunta. Liman ya fito salla ya waiwaya don ya daidaita sahu, sai ya ga babu abin daidaitawa: sahu biyu ne gajeru, kuma duk cikinmu ba mai baƙin gemu. Kabarin ma tsofaffi ne suka haƙa, wannan ya yi sara goma ya zauna yana haki, wancan ya karɓa. Tsohon Buzun da ya ba da ruwan ya biyo jakin da ƙafa har gida. Da aka yi masa godiya sai ya gyara rawaninsa ya ce kada a ba shi kunya, raƙumansa sun sha ruwa a hannun mamacin tun kafin a haifi rabin waɗanda ke zaune.

Na roƙi liman takarda da tawada na zauna rubuta wannan, domin ƙauyenmu ɗan ƙarami ne a dajin Dakoro, ba ya kan hanyar kowa, kuma ina tsoron nan da ƴan shekaru ba za a samu mai nuna kabarin ba.

Sarkin samari ne. An naɗa shi tun gemunsa bai fito ba, ya riƙe har ya yi fari fat, kuma ko bayan ya sauka ba wanda ya daina ce masa Sarki. Kada mai karatu ya zaci wani ƙato ne. Gajere ne, ƙafafunsa gwame, ga murya kamar ta jaki mai jin yunwa. Bai iya waƙa ba ko kaɗan, amma ba a taɓa gayya bai rera ba, makaɗi yana bin sa da ganga yana ɓata rai. Yana son gumba fiye da kima. In an kawo wa ƴan gayya abinci zai ce bari ya ɗanɗana ko da guba, kafin ka ankara ya raba ƙwarya biyu.

Gonarsa ita ce ta fi kowace ciyawa a ƙauyen, don ita ake nomewa ƙarshe. Tsarinsa shi ne gayya ta fara daga gonar wadda mijinta ya mutu, sai ta tsoho marar ɗa, sai ta mai ciwo, a haka a haka har a zo kan masu ƙarfi. Wata damina maigari ya aiko cewa a fara da tasa, yana da baƙi daga Kornaka yana so su ga aiki. Kawu ya je ya durƙusa yadda ya kamata, ya cire takalmi, ya ce, "Ranka shi daɗe, hauya goma na gidanka. Gidan goggon da mijinta ya mutu hauya guda ce, ita ma ta karye. In baƙin naka aiki suka son gani, a kawo su can." Maigari ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Kawu kuwa kullum da safe sai ya je ya gaishe shi, ya amsa wa kansa da "lahiya lau", ya tashi ya tafi.

Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, dattawa suka ce a hana baƙi shayarwa. Kawu ya tsaya bakin rijiya ya ce samari ne ke shiga ramin nan, ba masu zaman gindin gawo ba, don haka a bar samari su faɗi wanda zai sha. Ya sa aka raba yini: safe na gari, azahar na baƙi. Buzun nan yana cikin waɗanda suka shayar a wannan shekarar.

Amma abin da nake so a tuna da shi shi ne maganar igiya.

Rijiyarmu gaba ashirin da biyar ce, an haƙa ta cikin rairayi, an ɗaure bangonta da itacen ƙirya. Kowace shekara bayan an gama kai hatsi rumbu sai a yashe ta, wato mutum ya sauka har ƙasa ya riƙa cika guga da laka da rairayin da ya zuba, ana janyewa, a kuma sauya itacen da ya ruɓe. Mai sauka ana ɗaura masa igiya a ƙugu. Igiyar tana bi ta kan gungumen da ke bakin rijiya, mutum takwas suna riƙe da ita a jere. Na farkonsu, wanda ke daf da bakin, shi muke ce wa hannun gaba. Shi ke jin motsin na ƙasa a tafinsa. In an fizga sau ɗaya a ja guga, in an fizga sau uku a fito da mutum maza, bango yana zuba. Sauran bakwai ba sa ganin komai, abin da ya ce shi suke yi. In hannun gaba ya yi sakaci na ɗan lokaci kaɗan, sai dai a yi wa na ƙasa salla daga sama.

Ko'ina na ji labari, mai sauka shi ke zaɓen hannun gabansa, kuma amininsa yake zaɓa. Kawu ya juya abin. Duk shekara yana lura da wa ya yi faɗa da wa, ba ya tsawatawa, ba ya shiga tsakani. Sai ranar yasa, an taru, ya nuna mutum da haɓa ya ce, "Kai, sauka." Sannan ya waiwaya ya nemo abokin gabarsa ya ce, "Kai kuma riƙe mashi." In sun fara gunaguni sai ya ce, "In ya hito ku ci gaba da hwaɗanku, ni ba ruwana."

Na ga wannan da idona tsakanin ɗan maƙeri da ɗan liman. Akuyar gidan maƙera ta cinye waken gidan liman, magana ta yi tsawo har aka zare wuƙa, suka yi wata biyar ba sa gaisawa. Ranar yasa ɗan liman ya sauka yana karanta duk abin da ubansa ya koya masa, ɗan maƙeri yana riƙe da igiya, gumi yana zuba daga haɓarsa. Rana ta take tsaka, aka ce ya ba wani ya huta, ya ce wallahi ba mai taɓa masa igiya. Da aka fito da ɗan liman, laka har wuya, ɗan maƙeri ne ya zuba masa ruwa a ka yana zaginsa, wai nauyinsa ya fi na bijimi. Kashegari aka juya, wanda ya riƙe shi ya sauka. Daga baya ɗan maƙerin ya auri ƙanwar ɗan limamin. A tsawon sarautar kawu ban san gabar da ta haye yasa ta kai wata shekara ba, kuma ba a taɓa rasa rai a rijiyar nan ba.

Yanzu sai in faɗi nawa laifin, don in na ɓoye shi rubutun nan ƙarya ne.

Kawu yana da ɗa namiji guda, taubashina, sa'ana. Tare muka tashi, wasan taubasai kuwa ba irin wanda ba mu yi ba. Yana ce mini bawansa, ina ce masa mai kan tulu. Ya fi ni ƙarfi, ya fi ni zuciya, yana sauka rijiya yana fito kamar mai shiga rumbu. Kowa ya ɗauka shi zai gaji ubansa. Ranar da kawu ya tara mu gindin gawo ya ce gwiwoyinsa sun gaji, sai ya ɗauki ganga da naɗin igiya ya ajiye a gabana. Wani dattijo ya ce, "Sarki, ga ɗanka zaune." Kawu ya ce, "Na gane shi, ni na haihe shi. Ba shi tsoron rijiya. Wanga kuwa shina tsoronta, shi ya sa ba za shi kashe ɗiyan mutane ba."

Taubashina ya tashi ya bar wurin. Bayan kwana kaɗan, a gona, wasa ya haɗa mu kamar kullum, sai wasan ya ƙi tsayawa inda ya saba. Ya ce mini matsoraci, na ce masa wanda ubansa ya ƙi. Muka kama juna da gaske. Haƙorina na gaba da babu, a gonar nan na bar shi. Muka yi damina da kaka ba ma gaisawa.

Ranar yasa ta zo, ta farko a hannuna. Sarkin samari shi ke fara sauka. Aka ɗaura mini igiya, kowa ya san wanda ya kamata ya riƙe, taubashina ma ya sani. Ya ratso mutane ya zo bakin rijiya, ya miƙo hannu. Na dubi fuskarsa a murtuke, na dubi ramin. Na miƙa wa ƙanena igiyar.

Hannun nasa ya daɗe a miƙe. Gari duka yana kallo, har mata masu jiran ruwa. A wurinmu ba zagin da ya kai wannan, domin na faɗa wa kowa ke nan, ba tare da na buɗe baki ba, cewa ɗan kawuna zai iya sakina in mutu. Ya sauke hannun, ya goge shi a jikin warkinsa, ya juya ya tafi gida. Kafin wata ya mutu ya kwashe matarsa da awakinsa ya koma Kornaka.

Kwana uku ina zuwa gaida kawu, yana tufkar igiya bai ɗago ba. A na huɗu ya ce, "Ɗan ƙanwata, da ka ba shi, da hannunshi ya tsage bai sake ka ba." Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, tsoro ne ya kama ni." Ya ce, "Na sani. Ni ma na yi kuskure, na ba ka gangar a gaban mutane ban hwaɗa mashi tun a ɗaki ba." Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya. Da ya zage ni ko ya karɓe gangar, da ya fi mini sauƙi.

Ba zan ce ni kaɗai na kashe ƙauyen nan ba. An yi shekarun fari, fara ta sauka sau biyu, mahara sun kore mana shanu. Amma waɗannan duk an yi su zamanin kawu, gari bai watse ba. Abin da ya sauya shi ne, shekara ta gaba da na nuna wani na ce abokin faɗansa ya riƙe masa, sai ya dube ni ya ce, "Sarki, kai wa ya riƙe maka?" Daga nan kowa ya koma zaɓen amininsa. Faɗan bara ya riƙa tarar da na bana. Wanda aka ɓata wa rai ba ya jiran yasa, sai ya ɗaure kayansa. Abokan taubashina suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka gangara Ɗan Gulbi inda ruwa ke kusa, wasu suka bi ayarin gishiri, biyu suka tafi yaƙi ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ƙanena ma da na ba igiyar yana kudu yanzu. Ga ni na doshi hamsin, furfura ta cika mini kai, har yau ni ne sarkin samari, don babu wanda zan miƙa wa. Yara in suna so su ba ni haushi sai su ce, "Sarki, ina samarin?"

Shekara uku ke nan ba a yashe rijiya ba, don ba a samun mutum takwas masu ƙarfin ja. Ruwa ya yi ta ja da baya, guga yana fitowa rabi, daga baya kwata, bana kuma sai a jira tun safe kafin a tara na tulu biyu.

Idon kawu ya tafi a shekarunsa na ƙarshe, amma hannunsa bai manta ba. Kowace kaka sai ya sa a yanko masa kaba, ya zauna ƙofar gida yana tufka sabuwar igiya, yana aunawa da hannuwansa har gaba talatin. In ya gama sai ya aika a kira ni ya ce, "Ga ta. Yaushe za ku shiga?" Ni kuma in ce sai an kwana biyu. Bara kunya ta ishe ni, na yi masa ƙarya na ce mun yashe. Ya ce a ba shi ruwa. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya ce, "Wanga ruwa ba a taɓa ƙasanshi ba." Sannan ya shanye, ya yi hamdala, ya tambaye ni lafiyar iyali. Igiyar bana ta kai shi har bazara, ya gama ta saura kwana tara ya rasu.

Taubashina ya iso ranar sadakar uku. Shekara ashirin rabona da shi, don in ya zo ganin iyayensa nakan tsiri tafiya daji. Ya yi furfura, ya rame, tafiyarsa ta koma ta ubansa sak. Na je na durƙusa inda yake karɓar gaisuwa na ce, "Ya haƙuri?" Ya ce, "Haƙuri sai godiya." Na ce, "Allah shi jiƙan kawu." Ya ce, "Amin." Shi ke nan abin da ya shiga tsakaninmu. Na ji yana gaya wa maigari cewa in uwarsa ta fita takaba zai tafi da ita.

Ranar bakwai da safe, bayan an shafa addu'a, ban san abin da ya shiga kaina ba. Na shiga ɗaki na ɗauko gangar, fatarta ta saki, na buga kiran yasa. Mutane suka fito suna kallona kamar na taɓu. Na saɓa igiyar kawu na nufi rijiya. Waɗanda suka biyo ni tsofaffi biyar ne, da liman, da mata. Na ɗaura igiyar a ƙuguna da kaina, na tsaya riƙe da sauran, ban san wanda zan ba ba.

Sai ga taubashina ya ratso mutane. Bai miƙo hannu ba, ya tsaya kawai. Ni na miƙa masa. Ya dubi igiyar, ya shafa tufkar da yatsa, ya ce, "Ta baba ce." Na ce, "Ita ce." Ya ce, "Ka yi nauyi, bawana?" Na ce, "Ba kamar da ba, mai kan tulu." Ya tofa yawu a tafinsa ya karɓa. Tsofaffi suka jeru bayansa, da ba su cika ba mata biyu suka ɗaure zane suka kama, har da matata.

Ina sauka ina ganin abin da shekara uku suka yi. Itacen ƙirya ya ruɓe, ina taɓawa yana marmashewa. Wajen gaba goma sha biyar bango ya buɗe, ramin da ke bayansa zai ɗauki jaki. A ƙasa rairayi ne har gwiwa. Na yi ta tono da hannu da ɓawon ƙwarya, na aika guga shida na rairayi, a na bakwai na samu laka mai ɗan ruwa. Ina cikin cikawa na ji rairayi yana zubo mini a wuya, da farko kaɗan, sai kuma da yawa. Na kama igiya na fizga sau ɗaya, na fizga na biyu. Ban kai ga na uku ba na ji ƙafafuna sun bar ƙasa. Ya riga ya ji a hannunsa. Ina sama ina jin muryarsa yana yi wa tsofaffi tsawa, ƙarƙashina kuma bango yana rufta wa inda nake tsaye.

Da na fito na kwanta a ƙasa ina tari. Tafukansa duka biyu sun tsage, jini yana bin igiyar. Ya leƙa ramin ya daɗe, sannan ya zauna kusa da ni ya ce, "Ta mutu, taubashi." Na ce, "Da na ba ka tun wancan karon." Ya ce, "Da ka ba ni." Muka zauna muna kuka kamar yara, mata suna kallonmu.

Gugan nan na bakwai ya fito tare da ni. Muka bar shi ya kwanta, muka tace, aka samu abin da bai cika ƙwarya ba. Mu biyu muka kai shi maƙabarta muka yayyafa a kan kabarin kawu, don ya samu na rijiyarsa ko da bai samu na wanka ba. Rairayin ya shanye kafin mu gama addu'a.

Maigari ya tara mu ya ce ba mai iya haƙa sabuwa, kowa ya nemi inda yake da dangi kafin dabbobi su fara faɗuwa. Matar kawu ma a Kornaka za ta ƙarasa takabarta, liman ya ce lalura ce. Ni ma can zan bi taubashina, ya ce akwai fili bayan gidansa. Gangar zan bar ta rataye a gawo, ban ga abin da zan yi da ita a garin mutane ba.

Allah ya jiƙan kawu, ya yafe masa, ya shayar da shi ruwan da ba ya ƙafewa. Wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa, in ya bi ta dajin nan ya ga gawo babba da gungume kwance kusa da rami, to nan ne, kabarin yana gabas kaɗan, ya tsaya ya yi masa fatiha.

Jiya aka rasa abin ɗaure kaya a kan jakuna. Taubashina ya ɗauko igiyar ya miƙo mini bakinta, na riƙe, shi kuma ya sa wuƙa. Gida goma sha ɗaya ne suka rage, kowane ya samu rabonsa.